Mai ciwon daji da aka ce a mayar gida: me ya rage a yi masa?

Alhaji Garba: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Maganar wannan makon a kan ƴan uwanmu masu ciwon daji ce, waɗanda jikinsu ya yi nisa har likita ya ce kimo (magungunan kashe ƙwayoyin daji) da gashi (ƙona ciwon da hasken na'ura) ba za su ƙara amfani ba. A nan Legas abin ya fi nauyi, domin da yawa ƴan ci-rani ne. Mutum yana kwance a ɗaki ɗaya a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12, iyali suna Arewa, mai jinyarsa abokin sana'a ne da dole ya fita nema tun asuba. Likitocinmu da malamanmu, me ya rage a yi wa irin wannan bawan Allah don ya samu natsuwa, ya yi ibadarsa, ya cika da mutuncinsa? A yi mana dalla-dalla, masu jinya suna karantawa.

Dakta Hadiza: Wa alaikumus salam, Alhaji. Aiki ya rage da yawa, kuma farkonsa kashe raɗaɗi. Wanda ciwo ke cizo a ƙashin baya dare da rana ba ya iya tattara hankalinsa ya karanta Fatiha, balle ya zauna ya lissafa bashin da ake binsa. Shi ya sa ma'anar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba wannan jinya ta sassauta wa mai ciwon ajali a 2002 ta haɗa ciwon jiki da damuwar zuciya da ta iyali da ta ruhi wuri guda.

Tsarin kashe raɗaɗi da hukumar ta fitar tun 1986 matakai uku ne. Ciwo mai sauƙi, farasitamol giram 1 duk awa shida, kada a wuce giram 4 a rana, kuma idan mutum ya rame ƙasa da kilo 50 ko hantarsa ta taɓu a rage. Matsakaici, kodin ko tiramadol. Mai tsanani, mofin na sha. Wanda kansa, wato ciwon daji, ta bazu a jikinsa yana ihu ba sai an bi da shi mataki-mataki ba, kai tsaye ake zuwa na uku.

Mofin ana farawa da miligiram 5 duk awa huɗu, ko 2.5 ga tsoho da wanda ya galabaita. Da agogo ake bayarwa: 6 na safe, 10, 2 na rana, 6 na yamma, 10 na dare, 2 na dare. Babban kuskuren gidaje shi ne jira sai ciwo ya taso. A lokacin ya riga ya yi ƙarfi, maganin zai ɗauki wajen rabin awa kafin ya kama, mutum kuma ya koma zaman fargabar dawowar ciwo. Idan ya taso a tsakani, akwai ƙarin gaggawa, kashi ɗaya cikin shida na jimillar rana. Mai shan 5 sau shida yana shan 30 ke nan, ƙarinsa 5. A rubuta kowane ƙari a takarda. Idan ya buƙaci uku a rana, jimilla ta zama 45, sai likita ya mayar da shi 7.5 duk awa huɗu. Likitan da ya rubuta shi ne zai yi wannan gyaran, ba mai jinya ba.

Ustaz Nura: Dakta, Allah ya saka da alheri, amma ina da ja. Wannan mofin ɗin ɗan uwan kayan mayen da ake kama matasa da su ne. Mutum yana bakin kabari, lokacin da ya fi buƙatar hankalinsa don ya cika da kalmar shahada, sai a gusar masa da shi? Ga shi kuma ciwo kaffara ne. Hadisi ya tabbata cewa ko ƙaya ce ta soki mumini ana kankare masa zunubi da ita.

Malam Sani: Ustaz, hadisin ƙaya ingantacce ne, amma bai ce a bar ƙayar a ƙafa ba. Ladan yana kan haƙuri da abin da Allah ya ƙaddara, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da neman magani. Malamai sun halatta irin wannan magani idan likita amintacce ya rubuta, gwargwadon buƙata, ƙarƙashin ƙa'idar larura da ke cikin Baƙara aya ta 173. Abin da aka haramta shi ne a ba mutum abu da nufin gaggauta ajalinsa, ko da shi ya roƙa. Niyyar rage masa azaba daban ce. Tambayar da ta rage ta likitoci ce: shin awon da ake bayarwa yana gusar da hankali?

Dakta Hadiza: Allah ya gafarta Malam, a kwana biyu zuwa uku na farko mutum yakan yi barci da yawa. Rabinsa maganin ne, rabinsa bashin barcin makonnin da ciwo ya hana shi. Bayan nan yakan washe, ya yi hira, ya yi sallah. Idan an wuce kwana uku yana nan a gyangyaɗe, awon ya yi yawa ko ƙoda ta gaza fitar da shi, sai a koma wurin likita. Alamun haɗari: ba ya farkawa idan an girgiza shi, numfashi ya sauka ƙasa da takwas a minti, baƙin ido ya tsuke kamar kan allura, gaɓoɓi suna zabura. Nan a tsayar da na gaba a nemi asibiti. Amma Ustaz, a aikace abin da ya fi raba majinyaci da zikiri shi ne ciwon da aka bari. Kuma idan mutum ya ce yana so a rage kaɗan don ya yi magana da iyalinsa da tsakar rana, haƙƙinsa ne, ana yi masa.

Bashir mai haɗa magani: Ƙari a kan na Dakta, daga ɓangaren kwalba.

Mofin na ruwa ba ƙarfi ɗaya ba ne. A duba takardar jikin kwalba kowane lokaci aka karɓo sabuwa. Idan an rubuta miligiram 5 cikin mil 5, mai shan 5 zai sha mil 5. Idan sabuwar miligiram 10 ce cikin mil 5 aka ci gaba da ɗiban mil 5, an ninka masa ba a sani ba. A auna da sirinji marar allura. Cokalin gida ba awo ba ne.

Kada a ɗaura shan magani a kan lokutan sallah don sauƙin tunawa. Tsakanin asuba da azahar ya haura awa bakwai, tsakanin magariba da isha'i awa ɗaya da ƴan mintuna. A sa ƙararrawar waya.

Duk wanda aka ba mofin a ba shi maganin sakin ciki daga ranar farko, ƙwayar filasko ɗaya ko biyu da dare, ko Dulcolax. Tashin zuciya yakan wuce cikin mako guda, amma taurin bayan gida ba ya wucewa muddin ana sha. Kwana uku babu bayan gida, a yi magana. Banda wanda kansa ta toshe masa hanji, shi sai da shawarar likita.

Sai allurar kashe ciwo ta fenta (pentazocine) da ake kiran mai kemis ya zo ya yi a gida. Ƙarfinta yana da iyaka, tana ruɗa tsofaffi, tana rage aikin mofin idan aka haɗa, kuma yawan sokawa yana barin gyambo. Tiramadol ma kada ya wuce miligiram 400 a rana, yana jawo farfaɗiya. Ciwo mai kama da ƙuna ko jan wutar lantarki na jijiya ne, mofin kaɗai ba ya gama da shi, likita yakan ƙara amitiriftilin miligiram 10 zuwa 25 da dare.

Mofin ba a kemis ɗin unguwa ake samunsa ba. A nema a ɗakin magani na manyan asibitoci irin LUTH a Idi-Araba ko LASUTH a Ikeja, da takardar likita, kuma a koma tun saura na kwana huɗu ko biyar, don wani lokaci sai an jira. A ɓoye kwalba inda yara da baƙi ba za su kai ba.

Hajiya Binta: Ni inda nake so a tsaya shi ne ɓoye wa mutum ciwonsa. Dangi su ja likita gefe su ce kada a faɗa masa, zuciyarsa za ta karye. Sai a yi wata uku ana ce masa gyambon ciki ne. Shi kuwa yana ganin wandonsa yana zamewa, yana ganin idon matarsa ya kumbura, ya sani sarai. Sai ya yi shiru don kada ya tayar musu da hankali, su ma su yi shiru don kada su tayar masa, kowa ya kwana da nasa shi kaɗai. Kaɗaicin nan yana cin mutum fiye da yadda ake zato.

Ustaz Nura: Hajiya, likita ya san gaibu ne? Sau nawa aka ce wa mutum saura wata ɗaya ya shekara? Sunna ita ce a ƙarfafa wa mara lafiya gwiwa.

Dakta Hadiza: Gaskiyarka Ustaz, babu likitan da ya san rana, kuma wanda ya yanke wa mutum rana ya yi kuskure. Abin da muke iya gani shi ne saurin canji. Idan jiki yana ja baya wata-wata, galibi watanni ake magana. Idan mako-mako, makonni. Idan yau ta fi jiya muni a fili, kwanaki.

Faɗar ma tana da tsari. A zauna, kada a tsaya a kansa. A tambaye shi wa yake so ya kasance a wurin. A fara da jin nasa: Baba, me ka fahimta game da ciwon nan? Sannan: kana so in yi maka bayanin komai, ko ka fi so in yi da ɗanka? Wanda ya ce a yi da ɗansa an bar shi, ya zaɓa. Wanda ya ce a faɗa masa, a share fage da cewa sakamakon bai zo yadda muka so ba, a dakata, sannan a faɗa da gajerun kalmomi, a yi shiru. Shirun nan ne ya fi wuya, mutane sukan cika shi da surutu. A rufe da abin da za a yi: za mu kashe ciwon, za ka yi barci, ba za a bar ka kai kaɗai ba.

Matsalar Legas ta musamman ita ce harshe. Likita yana Turanci ko Yarbanci, mai fassara ɗan uwa ne, sai ya tace maganar ya ce likita ya ce za ka warke. A nemi babba mai amana wanda zai faɗi abin da aka faɗa. Kada a sa yaro ya fassara wa mahaifiyarsa irin wannan labari.

Malam Sani: Ƙarfafa gwiwa ba ya nufin ƙarya, Ustaz. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas yana kwance yana ganin mutuwa ce ya tambayi Annabi nawa zai yi wasiyya da shi, aka ce sulusi, sulusin ma da yawa. Ba a ce masa ya bar wannan magana ba. Wanda aka ɓoye wa an hana shi abubuwan da babu mai yi masa su.

Bashi a gaba. A kawo takarda da shaidu biyu, a rubuta wanda yake bi da wanda ke binsa. Ƴan kasuwarmu a Mile 12 da Alaba Rago da yawa cinikinsu a ka yake da cikin waya, ga ajiyar mutane a hannunsu, ga adashi. Idan ya cika ba a rubuta ba, rigima ce tsakanin marayu da abokan ciniki. Wasiyya kada ta wuce sulusi, kuma babu ita ga magaji. Kyautar da mutum ya yi cikin ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka, don haka mallaka wa ɗa guda shago a wannan hali ba ya zama sai sauran magada sun yarda. Sai neman gafara. A tambaye shi a keɓe ko akwai wanda yake so a kira masa. Sau da yawa akwai ɗan uwan da aka shekara goma ba a magana, ko matar da aka saki ba a kyauta mata ba, kuma wannan ne ke hana shi barci bayan an kashe ciwon jiki.

Hajiya Binta: A haɗa da na banki. Rubuta sunan mutum a takardar banki a matsayin makusanci (next of kin) ba ya sa banki ya miƙa masa kuɗi, sai an kawo takardun kotu, abin da kan ɗauki watanni. Tun yana da hankali a san asusu nawa gare shi, ina takardar shago da ta haya suke, wa zai riƙe kuɗin makarantar yara. Mace kuma damuwarta ta farko kusan kullum ita ce hannun wa ƴaƴanta za su faɗa. A zaunar da miji da dangi a gabanta a yanke, ta ji da kunnenta.

Sista Rifkatu: Sannunku da ƙoƙari. Abin da ke sa mutum ya ji ya zama kaya sau da yawa wari ne. Mai kansar mama da ta fashe takan daina yarda a shigo ɗakinta, ta daina ibada don tana ganin ba ta da tsarki. A wanke gyambon a hankali da ruwan gishiri, ƙaramin cokali ɗaya cikin rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce. A daka ƙwayar Flagyl ta zama gari a barbaɗa a kai sau ɗaya ko biyu a rana, cikin kwana biyu zuwa uku warin yakan faɗi. Bandeji idan ya manne a jiƙa shi kafin a cire, fizga tana sa jini. A ajiye gawayi a kwano ƙarƙashin gado. Turaren wuta mai yawa a rufaffen ɗaki yana ƙara wa mai haki wahala.

A juya shi duk awa biyu, a duba ƙugu da duwawu da diddige. Inda ya yi ja ko ya yi duhu bai koma ba, gyambon kwanciya ne ke tafe. Da zafin Legas da gumi, ledar da ake shimfiɗawa kai tsaye ƙarƙashin jiki tana dafa fata, a ɗora zani mai kauri a kanta. A shafa man kaɗanya inda fata ta bushe. Baki kuma a goge shi da tsumma mai laushi sau huɗu a rana. Farin abu a harshe kamar dusar madara yana da magani, a nuna wa nas. Mai haki a jingina shi zaune, a buɗe taga, a sa iska tana bugun fuskarsa, ko da mafici ne idan an ɗauke wuta.

Ƴan uwanmu Kirista ma suna nan da yawa cikin masu jin Hausa a Legas. A tambayi mutum ko yana so fasto ko fada ya zo, a karanta masa Zabura 23, a shafa masa mai kamar yadda Yaƙub 5:14 ya ce, a ba shi Jibin Ubangiji a gida. Abin da nake roƙo, kada a ce masa rashin bangaskiyarsa ce ta hana shi warkewa, kuma kada a sa shi azumi ko a ɗauke shi zuwa kwanan addu'a yana wannan hali.

Malam Sani: Sista ta taɓo wurin da ya fi damuna. Mutum ya shekara hamsin bai bar sallah ba, sai a sa masa robar fitsari ya daina, yana kuka a ɓoye, babu wanda ya gaya masa hukunci.

Hadisin Imrana ɗan Husaini a fili yake: a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kan gefenka. A kwance zai yi nuni da kai, na sujada ya fi na ruku'u ƙasa. A juya gadon ya fuskanci alƙibla sau ɗaya a huta, idan ɗakin bai ba da dama ba ya yi yadda yake. Idan ruwa yana cutar da shi ko babu mai kawo masa, a ajiye dutsen taimama kusa da matashinsa. Fitsarin da ke zuba ta roba, ko jakar bayan gida a ciki, hukuncin mai yoyon fitsari ne. A Malikiyya abin da ke zuba rabin lokaci ko fiye ba ya warware alwala, wasu malaman kuma sun ce ya sabunta ta kowane lokacin sallah. Najasar da ba ya iya kauce mata an yi masa rangwame. Idan tashi sau biyar yana wahalar da shi, ya jinkirta azahar zuwa ƙarshen lokacinta ya haɗa da la'asar a farkon nata, haka magariba da isha'i. Wadda lokacinta ya fita yana sume babu ramuwa a kansa. Azumi ya faɗi, a ciyar da miskini ɗaya kowace rana idan da hali. A kuma gaya masa hadisin Abu Musa, cewa bawa idan ya yi rashin lafiya ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana lafiya.

Sai masu dubiya. Wallahi wasu da sun zauna a gida ya fi. A shigo mutum goma, a zauna awa biyu, wannan ya ce sammu ne, wancan ya ce a binciki abin da ya aikata. Idan majinyaci ya ce me na yi wa Allah, kada a daka masa tsawa a ce ya yi saɓo. Annabi Yaƙuba ya ce yana kai ƙarar baƙin cikinsa ga Allah, Annabi Ayuba ya ce cuta ta shafe ni. A bar shi ya gama, a tambaye shi me ya fi tsorata shi. Wani azabar kabari ce, wani wani zunubi ne guda da ya riƙe shekara talatin. A wannan gaɓa ayoyin rahama ake karantawa, irin Zumar aya ta 53, domin hadisin Jabir ya ce kada ɗayanku ya mutu face yana kyautata zato ga Allah. Idan ya ce ya gaji yana son mutuwa, a koya masa addu'ar da aka koyar: Allah ka raya ni muddin rayuwa ce ta fi mini alheri, ka karɓi raina idan mutuwa ce ta fi. A kuma sanar da likita, don sau da yawa ciwo ne ba a kashe ba.

Dakta Hadiza: Haka ne Malam. Baƙin ciki yana zuwa yana tafiya, mutum ya yi kuka da safe ya yi murmushi da jikansa da yamma. Wanda ya yi mako biyu babu abin da ke faranta masa, yana cewa shi ba shi da amfani, ciwon damuwa ne kuma yana da magani. Wanda kuma ya fara sambatu farat ɗaya, yana fizge zani, yana ganin abin da babu, kafin a ce aljanu a taɓa mararsa. Fitsarin da ya taru, bayan gida da ya toshe, zazzaɓi, ko ƙoda da ta gaza, su ne kan gaba. Tofi da addu'a a ci gaba da su. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba su nake tsoro, don idan suka taɓa ƙoda mofin yana taruwa a jini.

Abu ɗaya da ba a jira da shi ko an koma gida: sabon ciwon baya mai ɗaure ƙirji ko ciki kamar ɗamara, ƙafafu suna nauyi, fitsari ya ƙi fita. Kansa ce ta danne lakar baya. A kai shi asibiti a ranar, don kwana ɗaya yana iya raba mai tafiya da wanda ya shanye.

Alhaji Garba: To maganar tafiya gida fa? Kusan kowa cewa yake a kai ni Arewa.

Hajiya Binta: Alhaji, in za a tafi a tafi da wuri, lokacin da yake iya zama da shan ruwa da kansa. Kuskuren da ake yi shi ne a tsaya sai kuɗi ya ƙare a gwaje-gwaje, sannan a sa shi a mota yana gargara. Legas zuwa Kano wajen kilomita 1,000 ne, kwana ake yi a hanya. Jirgi awa ɗaya da rabi ne, amma kamfani yakan nemi takardar likita cewa zai iya tafiya. A karɓi takardar bayanin ciwo zuwa asibitin da ya fi kusa da garinsu, ko na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A tafi da maganin aƙalla mako biyu, kwalba da sunansa a jiki, takardar likita a aljihu saboda shingen jami'an NDLEA masu yaƙi da miyagun ƙwayoyi. A tambaya tun daga nan ko akwai mofin a can, don ƙauye da dangi amma babu maganin ciwo wata azabar ce. Idan jiki ya riga ya yi nisa, kuɗin motar a kawo masa matarsa ko mahaifiyarsa nan.

Malam Sani: Kuma a cire masa damuwar inda za a binne shi. Ƙasar Allah ɗaya ce, sunna gaggauta jana'iza, ga maƙabartu da jama'ar sallah a nan.

Sista Rifkatu: Kwanakin ƙarshe ga abin da za a gani, don kada a firgita. Barci zai yi yawa, zai daina son abinci, fitsari ya ragu ya yi duhu, tafin ƙafa ya yi sanyi, numfashi ya riƙa tsayawa yana dawowa. Rashin cin ba shi ke kashe shi ba, jikin ne ya daina karɓa. Ɗura kunu ga wanda ba ya iya haɗiya yana tafiya huhu. Ƙarin ruwa a wannan lokaci yakan kumbura ƙafafu ya cika ƙirji. A jiƙa leɓe da auduga duk rabin awa, a shafa man kaɗanya. Kada a tsayar da mofin don ya daina magana. Nas za ta nuna yadda ake ɗiga shi kaɗan-kaɗan a gefen kunci, ko a koma allurar ƙarƙashin fata. Ƙarar da ake ji a maƙogwaro yawu ne da ba ya iya haɗiyewa, ta fi damun masu saurare fiye da shi. A kwantar da shi a gefe, a ɗaga kai, allurar Buscopan tana rage ta. Mai kansar da ke iya zubar da jini a tanadi tawul mai duhu. Ana kyautata zaton ji yana daɗewa, don haka kada a yi maganar gado ko kuɗin asibiti a kansa.

Ustaz Nura: Na karɓi bayanin mofin. Maganar faɗa wa mutum har yanzu ina ganin sai an duba wane ne, akwai wanda ba zai ɗauka ba. Malam, laƙƙana shahada fa, sau nawa?

Malam Sani: Wanda ya fi soyuwa gare shi ya zauna kusa da kunnensa ya faɗi La'ilaha illallah a hankali, yadda zai ji. Ba a ce masa ka ce, ba a girgiza shi, don kada ƙunci ya sa ya furta abin da ba a so. Idan ya faɗa sau ɗaya a yi shiru, sai in ya yi wata maganar duniya a sake. Idan harshe ya yi nauyi bai iya ba, kada a ce ya yi mugun cikawa, wannan magana tana bin iyali shekaru kuma babu mai hujja a kanta. In ya cika a rufe masa ido, a ɗaure haɓa da ƙyalle, a miƙe gaɓoɓi, a lulluɓe shi, a yi masa addu'ar alheri.

Bashir mai haɗa magani: Ragowar mofin a mayar ɗakin maganin da aka karɓo. Kada a ba wani mai ciwo.

Alhaji Garba: Allah ya saka wa kowa. Abin da na ga babu mai shi shi ne kwanan dare, don magani na ƙarfe 2 da juyi duk awa biyu sun fi ƙarfin mutum ɗaya mai fita aiki da safe. Kowace unguwa a samo mutum huɗu da za su riƙa karɓa-karɓa, maza ga maza, mata ga mata, da mutum biyu masu Turanci ko Yarbanci don rakiya asibiti. Sista, idan an tara su ranar Asabar bayan la'asar, za ki samu zuwa ki nuna musu juyi da awon sirinji?

Sista Rifkatu: Zan zo, Alhaji. Kowa ya taho da zani ɗaya da matashi biyu, da su za a koya.